Zoben da Aka Ciyar Kwana Arba'in

Don girman Allah, don darajar iyayenku, ku da wannan takarda ta faɗo hannunku, in kun gane ni ku yi kamar ba ku gane ba. Kada ku faɗi sunana, ko a kasuwa, ko a bakin rijiya, ko ga wanda kuke cin kwano ɗaya da shi. Ni ma ba zan rubuta shi ba. Wata huɗu kawai na yi a gaban malam, in kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri, a kan gwiwata nake rubutun, kunnena ɗaya yana ƙofa.

Ni 'yar Dutsen Lilo ce, garin da ke zaune a kan dutse ɗaya tilo, sama da gajimare, inda rana biyu ke fitowa, babbar fara da ƙaramar ja. Rami ne ya kewaye mu, in ka jefa dutse sai ka gaji da jira ba ka ji saukarsa ba. In ban da mugunyar hanyar masu gawayi, gada ɗaya ce ta haɗa mu da sauran duniya, ita kuma sarƙa ce ke riƙe da ita, zobe ɗari uku, kowane kaurin karan dawa.

A garinmu ƙarfe baƙo ne. Ba wasa nake ba, haka ake ɗaukarsa. In maƙera sun gama ƙera abu sai su sa shi a tukunya, su cika ta da garin gawayi, su liƙe bakin da laka, su dasa ta a wuta. Wai ciyar da baƙo. Fartanya kwana ɗaya, wuƙa kwana biyu, zoben gada kwana ashirin. Wanda ya fi daɗewa yana ciyarwa shi ne mai mutunci. Wanda ya sauke tukunya da wuri, yara har waƙar rowa suke yi masa.

Innata, Tabawa, ita ce mai yi musu gawayin.

To, wata safiya da sanyi, zobe ɗaya ya ce ƙas. Gada ta tafi da jakuna goma sha ɗaya na gishiri da mai kora su, Allah ya jiƙansa. Kafin ƙaramar rana ta fito an riga an jawo Inna gaban Sarkin Maƙera Barmo, hannunta duk toka, ko mayafi ba su bar ta ta ɗauka ba.

Ya ce, "Ke Tabawa, gawayinki ba shi da mai. Baƙo ya kwana da yunwa, ya yi fushi, ya saki gada."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, itacen ƙirya zalla na ƙona. Shekara ashirin ita nake kawo muku."

"Ni kike wa lissafin shekaru? To, zobe zai faɗa."

Ga yadda shari'ar zobe take. Za a ƙera zobe sabo, a ciyar da shi kwana arba'in cif, don shi ne babban baƙo. Sannan a kai shi gidan wanda ake zargi ya kwana bakwai, wai ya san ƙanshin mutanen gidan. Rana ta takwas a sa mutum a kwando, a rataye kwandon da zoben nan a kan rami, Sarkin Maƙera ya buga masa masaba sau uku. In ya riƙe, ba ka da laifi. Tun da aka haife ni mutum shida aka rataya. Shidan duk suna ƙasan rami. Kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce, anya mutum shida, ko ɗaya babu mai gaskiya? Sai dai a koma gida a ci tuwo.

Na je bakin gada na tsinci guntun zoben da ya karye. Inda ya karye ɗin fari ne tas, yana ƙyalli kamar gishiri. Ban san ma'anarsa ba, amma na ɗaure shi a bakin zanina. Na bi ta bayan rumbun da suka kulle Inna, na sa bakina a tsagar bango na ce mata zan tafi in tambayo abin da ya karya shi.

Ta ce, "Ki tambayi wa? Zauna a gida. Ki ba akuya ruwa."

Na kai akuyar gidan maƙwabta, na ɗauki ƙullin gari, na gangara ta hanyar masu gawayi, wadda sai da hannu da ƙafa ake bin ta. Kullum in gari ya waye sai in yi ƙulli ɗaya a igiyar wuyana, don kada arba'in ta cika ina wani wuri.

Da ƙulli tara na iso garin Lanƙwasa. Tun daga gona na ga abin mamaki. Manomi zai yi sara uku, ya tsaya, ya ɗora fartanya a ƙasa, ya taka ta da ƙafa ta miƙe, ya sake sara uku. Mashin mai gadin ƙofa ya sunkuya kamar wuyan raƙumi. Na durƙusa na gaida wani dattijo, ya amsa da fara'a, sai idonsa ya sauka kan tafin hannuna.

Ya yi baya. "Gawayi! Jama'a, gawayi ta shigo mana da shi!"

Kamar na kawo agana. Ashe su a wurinsu gawayi ƙazanta ne. Suka taru suka kai ni gidan wata mata, Uwar Wanka, suka sa mini marin ƙarfe a ƙafa, wai sai an wanke ni kwana bakwai kafin in taka titinsu. Kwana bakwai! Daga cikin nawa? Matar nan ta dinga dirzar hannuna da soso har fata ta fara ɗayewa, tana tsaki.

Na ce, "Iya, ku ba kwa ba ƙarfenku gawayi?"

"Tir. Da shi dai ake narkar da tama, ƙasar da ake fid da ƙarfe a cikinta, don ba yadda za a yi. Amma daga nan sai a yi ta ƙona shi da iska, a yi ta duka, har warin ya fita."

"To ba ya fushi? Ba ya karyewa?"

Ta kalle ni kamar na zare. "Karyewa kamar tukunyar ƙasa? Yarinya, na aurar da jikoki, ban taɓa ganin ƙarfe ya karye ba. Lanƙwashewa dai, wannan kullum."

Ga garin da ƙarfe ke kwana da yunwa tun kaka da kakanni, bai taɓa cewa ƙas ba. Amma Innata tana kulle a rumbu saboda wai yunwa ce ta karya zobe. Da ta tafi ɗebo ruwa na kalli marin da ke ƙafata. Na sa hannu biyu na ja. Wallahi ya buɗe kamar danƙo. Na naɗe shi na sa a ƙullina, don in sami abin nunawa, na haura katanga.

Na bi bakin wani kogi mai jan ruwa, inda tsuntsaye ke bin maƙera suna cafke tartsatsi a iska, shi ne abincinsu. Da ƙulli goma sha takwas na iso Farin Kasko.

Garin nan shiru, kamar ana makoki. Tituna duk an shimfiɗa auduga. Kowa raɗa yake, kowa sanɗa yake, mai atishawa sai ya ruga bayan gari. Su nasu ƙarfen gawayi suke ɗura masa har ya narke ya zama kamar kunu, sai su zuba a mazubi, ya fito kasko, ya fito tukunya, ya fito ƙofa. Masu gadi suka caje ni, suka kwance bakin zanina, guntun zoben ya faɗo kan auduga. Ɗaya ya toshe baki, ɗaya ya rufe ido. Ashe a garin laifi ne babba a gan ka da karyayyen ƙarfe, don a dokarsu ƙarfe ba ya karyewa. In kaskonka ya fashe sai ka binne shi a ɓoye, ka ce sace shi aka yi.

Suka sa ni a keji mai sandunan ƙarfe. Guntun zobena suka ɗora a faifai nan gefe, jiran alƙali, wanda aka ce sai bayan wata zai zauna. Mai tsaron kejin wani siririn mutum ne, Nomau. Ya miƙo mini magagari, abin goge ƙarfe, ta tsakanin sanduna, yana murmushi.

Cikin raɗa ya ce, "Ungo, ki rage zafin zama. Kowa muna ba shi."

"Baba, ba ka tsoron in yanke in gudu?"

Ya nuna mini wani tsibi a lungu. Magagarai ne, sun fi ɗari, duk haƙoransu sun shafe sumul. "Na waɗanda suka riga ki ne. Goga, 'yata, goga."

Na goga. Kwana biyu ina gogawa, hannuna ya yi kanta, sandar ko ƙarzane. Shi kuwa yana zaune yana ta dariya marar sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Ya ce shekarun baya ma an yi wata tsohuwa mai taurin kai, Marka, da ta tsaya a kasuwa ta ce ƙarfensu ƙwai ne. Aka kore ta, tana can Tafkin Tsami tana hira da kifaye.

Rana ta uku da azahar ya kawo mini tuwo a kasko. Ina ci sai na ga bakin kaskon ya ɗan ɓantare, an shafe wurin da baƙin mai don kada a gani. Na goge da yatsa. Fari tas, yana ƙyalli kamar gishiri. Na leƙa faifai na kalli guntun zobena. Iri ɗaya. Na ce a raina, zoben nan namu ma magagari ba ya cinsa, maƙera har alfahari suke da haka, amma da safe ɗaya ya ce ƙas. Na kuma tuna audugar titi, da raɗar, da sanɗar. Mutanen da ƙarfensu ba ya karyewa, me ya sa suke tsoron atishawa?

Na juye tuwon a ƙasa, Allah ya yafe mini, na ɗaga kaskon da hannu biyu na maka wa sandar.

Ƙarar sai ka ce aradu. Kasko ya tarwatse, sanda biyu suka zube guntu-guntu. Duk garin, maimakon su biyo ni, kowa ya ruga gida ya rungume tukwanensa. Nomau ya tsaya baki buɗe, yana so ya yi ihu, bai iya ba, ya manta yadda ake yi. Na suri guntun zobena da ɓallin kasko ɗaya, na ce masa, "Baba, ga magagarinka," na zura da gudu.

Da ƙulli ashirin da biyar na iso Tafkin Tsami. Bishiyoyin tsamiya ne suka kewaye shi, 'ya'yansu na zuba ciki shekara da shekaru, ruwan in ka ɗanɗana haƙori sai ya mutu. Na tarar da tsohuwar tana zaune a kan wani damo da ya kai sa girma, tana sosa masa wuya. Na durƙusa na fara zuba labari ina kuka.

Ta ce, "Ke, 'yar gawayi, majinarki ta fi maganarki yawa. Me kika kawo?"

Na zube mata marin Lanƙwasa, da ɓallin kasko, da guntun zobe. Ta ɗauko wata tsohuwar wuƙarta ta haɗa. Ta ce in goge fuskar kowane da yashi, sannan da toka, har sai na ga idona a ciki.

"Kaka, kwanakina suna ƙarewa!"

"To tsaya gardama, su ƙara ƙarewa."

Kwana biyu na yi ina guga, ina zaginta a zuci. Da suka yi sumul ta tsoma kowane a ruwan tafkin, ta ɗan jira, ta ɗauraye. Sannan ta fito da busasshen idon wani kifi, girmansa kamar ƙwarya, garau kamar ruwan sama. In ka duba ta cikinsa ƙwayar yashi sai ta zama dutsen niƙa.

Ta fara sa marin Lanƙwasa a ƙarƙashinsa. Na ga fili fetal, ba komai sai 'yan iyakoki kamar na gonaki.

"Tsoka ce zalla. Ba ƙashi. Shi ya sa ba ya iya tsayuwa."

Ta sa wuƙarta. Na ga zare-zare siriri, fari, baƙi, fari, baƙi, a jere kamar saƙa.

Ta ce, "Kin ga farin nan? Ba ƙarfe ba ne, ba kuma gawayi ba ne. Ɗansu ne. In ƙarfe ya yi ja yana shan gawayi, to in ya huce sai su haifi wannan." Ta tsinci jajayen tsakuwa uku da baƙa ɗaya ta dunƙule a hannu. "Haka suke kama juna, uku na ƙarfe, ɗaya na gawayi, kullum haka, ba ragi. Ni ƙashi nake ce masa. Ya fi magagari tauri, amma bai san lanƙwasa ba, bai san haƙuri ba. In yana siriri tsakanin tsoka, shi ya tsaida ta, ita ta tare masa duka. Wannan ita ce wuƙa ta gari."

Ɓallin kasko kuwa kusan rabinsa farin ne, manya-manya. Ta ce wannan ba sai ta yi bayani ba, na riga na yi masa bayani da hannuna.

Sannan ta sa guntun zoben gadarmu. Ta daɗe tana kallo, ta ja tsaki, ta matsa mini. Farin ya bi ya kewaye kowace gona, ya haɗe da na kusa, ya haɗe da na gaba, kamar ragar masunta, tun daga wannan baki har wancan.

"Kwana nawa kuka ba shi?"

"Ashirin."

"Ashirin! Tsokar ta ƙoshi tun tuni, sauran ya rasa wurin zama ya fito ya yi raga. In tsaga ta kama ƙashin nan a wuri ɗaya, bin sa za ta yi kamar ruwa a kwata, ba tsokar da za ta tare ta. Ba yunwa ce ta karya gadarku ba, 'yar nan. Ɗura ce. Gawayin uwarki ma kyau ya yi yawa."

Na ce, "Kaka, wanda za a rataye Inna da shi kwana arba'in ake ba shi."

Ta ajiye idon kifin. Damon ma ya daina motsi. Na tuna mutum shidan nan, har da Gambo mai kitso da ta taɓa yi mini zane biyu kyauta. Ban yi kuka ba wannan karon.

Ta ce akwai magani, amma ba na mai gaggawa ba ne. A daka tama, jar nan, ta yi laushi. A binne zoben a cikinta a tukunya, a liƙe. A ba shi wuta daidai jan ƙaramar rana in za ta faɗi, kada ta wuce nan. Jar ƙasar za ta dinga tsotse gawayin da ya yi yawa daga fatar zoben, ragar da ke ciki kuma za ta tsintsinke, ta dunƙule ƙanana-ƙanana kamar tsaki a kunu, kowane tsoka ta kewaye shi, tsaga ta rasa hanya.

"In kika bar wuta ta yi haske kamar babbar rana, ƙashin zai narke ya koma cikin tsoka, in ya huce ya sake saƙa ragarsa, kin yi aikin banza. In kin gama kuma kada ruwa ya taɓa shi. Ki bar shi ya huce cikin toka, a hankali, kamar mai jego."

"Kwana nawa?"

"Ko shida sa rage. Nawa kike da su?"

"Bakwai ɗin da zoben zai kwana a gidanmu."

Ta cika mini buhu da tama, ta ɗora ni a kan damon, ta raɗa masa wani abu a kunne. Ta ce in na isa in juya kansa in mare shi a wutsiya, ya san hanya. Ban ko yi mata godiyar kirki ba, wannan yana damuna.

Ranar ƙulli na arba'in na hau Dutsen Lilo, gwiwoyina duk jini. Da la'asar maƙera suka kawo zoben gidanmu cikin farin ƙyalle, da kiɗa, aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Suna fita na haƙa rami a tsakar gida, na dasa tukunya, na hura wuta da ragowar ƙiryar Inna. Kwanakin nan ban yi barcin kirki ba. Kullum da yamma sai in kalli ƙaramar rana, in kalli gindin tukunya, in rage gawayi ko in ƙara.

Rana ta huɗu sai ga Sarkin Maƙera da kansa, ko sallama babu. Ya kalli tabarma, wayam.

"Ina baƙo?"

Na nuna tukunya. "Ranka ya daɗe, na ga kamar sanyi yake ji. Kuma ba a ajiye baƙo ba ci."

Ya zagaya ramin. Ya ga gawayi tsibi a kan murfin. Ya sunkuya har gemunsa ya fara ƙauri. Da ya fasa lakar nan da ya ga jar tama, da mu biyu za a sa a kwando.

"Me kika ba shi?"

"Abin da Allah ya hore mana, ranka ya daɗe."

Ya miƙe, ya gyaɗa kai. "Uwa marowaciya, 'ya mai hannun kyauta. Ikon Allah." Ya fita.

Rana ta shida na janye wuta na rufe da toka. Ta bakwai na fito da shi, na goge, na shafe shi da man gyaɗa da baƙin tukunya, na naɗe a ƙyallensa. A ido ba abin da ya canza. Ni kaina ban san ko ya yi ba. Ba idon kifi a Dutsen Lilo.

Duk gari ya fito bakin rami. Aka fito da Inna, ta rame, ta hango ni, abin da ta fara tambaya da ido shi ne akuya. Aka sa ta a kwando, aka tura shi kan rami, yana lilo. Barmo ya taka katakon da ke riƙe da zoben, ya ɗaga masaba.

"Baƙo, ka ci ka ƙoshi?" Ya buga.

Zoben bai yi ƙarar da aka saba ji ba. Wani dum ya yi, kamar an daki turmi.

"Matar nan ta cuce ka?" Ya buga.

"In ta cuce ka, sake ta." Ya buga da duk ƙarfinsa.

Kwando ya yi lilo, ya dawo. Zoben ya ɗan loɓa a gefe ɗaya, shi ke nan. Sai mutumin nan, a gaban kowa, ya sake ɗaga masaba ya buga na huɗu. Na huɗu fa! Wata tsohuwa ta ce, "A'a, Sarki, uku muka gada." Maganar ta bi taro. Ya sauke hannu, yana huci. Aka jawo Inna. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta zauna daɓas, ta riƙe idon sawuna.

Na ɗauka an gama. Sai Barmo ya ɗaga zoben sama ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kun gani da idonku! Arba'in ba ta isa ba, shi ya sa baƙi ke fushi. Yarinyar nan ta ƙara masa bakwai, ya ƙoshi, ya yi haƙuri. Daga yau zoben gada arba'in za a ba shi a maƙera, bakwai a gidan nan."

Aka yi guɗa. Mata suna shafa kaina suna cewa 'yar albarka. Ba wanda ya ce wa Inna yi haƙuri. Ba wanda ya ambaci mutum shidan da ke ƙasan rami. Ni kuma ga gaskiya cike da bakina, in na furta ta, za a ce na yi wa baƙo magani, shari'a ta ɓaci, a ƙera sabon zobe, a kai shi wani gida ya kwana, a mai da Inna kwando. Sai na sunkuyar da kai na ce na gode.

Shi ne yanzu nake mai masaukin ƙarfe. Zobe huɗu tukunyata ke ci a lokaci ɗaya. Na yi sittin da takwas. Duk wanda na gyara ina yi masa ɗan ƙarzane biyu ta ciki, ku duba za ku gani, magagari yana cinsa. Amma sun fara cewa ina da nawa wajen aiki, wai za a raba sauran zobban ga gidajen maƙera don gada ta tashi kafin damina. Zobe ɗaya kawai mai raga ya isa ya tafi da ita. Tamar Kaka ma ta kusa ƙarewa, ina haƙo wata a gangaren hanyar masu gawayi, ƙarƙashin farar ƙaya ta biyu, ina hawo da ita a ƙasan buhu.

Shi ya sa na rubuta wannan, zan cusa shi a buhun gawayin da za a kai ƙasa. In an kama ni, ko in kun ji an raba zobban, kada ku hau gadar nan, ko da an ce muku Sarki da kansa ya taka. In kuma a cikinku akwai mai tukunya da haƙuri, ga shi na faɗa, jar tama, wuta daidai ƙaramar rana, kwana shida, kada ruwa ya

Akuya tana kuka. Wani ya shigo zaure, takunsa mai nauyi ne, ina jin masaba tana bugun ƙofa, kuma hannuna ja ne da tama har wuyan hannu, ban wanke